Amsa: yaron shagona na kukan ciwon baya bayan sauke rodi

Wa alaikumus salam, Oga. Ka ce yaronka na walda yana kukan baya duk ranar da kuka sauke kaya daga kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ke Abuja. Ka gaskata shi, ba lalaci ba ne.

Rodi mai milimita 16, tsawon mita 12, ya kai kilo 19. Guda uku a kafaɗa sun fi buhun siminti nauyi, ga shi yana lilo yana murɗa ƙugu. Mutum biyu su ɗauka, a kafaɗar gefe ɗaya, na baya ya riƙa ba da umarni.

Abin da ke ƙasa kuwa, ya tsuguna ya matso da shi jikinsa, baya a miƙe, ya tashi da ƙarfin cinya. In zai juya, ƙafa zai ɗaga, kada ya murɗa gadon baya. Falen ƙarfe a tsaye ake ɗaukarsa, da safar hannu ta fata, don bakinsa reza ne. Kuma don Allah a daina aiki da silifas.

Ku sa katako ƙarƙashin kaya don yatsu su samu wurin fita, ku nemi baro.

In ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana sanƙarewa, ka kai shi asibiti yau, kada a tsaya shan maganin kemis.