Tambaya da Amsa: Tikitin Jirgi da Maki, Wa Ke Biyan Kuɗinsa?

Wasiƙu uku na ware a wannan watan, dukkansu daga nan Kumasi, kuma magana ɗaya ce ta haɗa su, wato hawa jirgi da maki maimakon kuɗi. Shekara 19 na yi ina yanka wa mutane tikiti a wani ƙaramin ofis a Adum kafin in bar wa yara aikin, don haka da abin da idona ya gani zan amsa.

Baba, barka da aiki. Ni saurayi ne daga Asawase, ina sayar da kayan waya a Kejetia. Yayana da ke Bronx ya zo Babbar Sallah, ya ce ko sisi bai biya na jirgi ba, makin katin bashi ne ya kawo shi. Ga shi wani ma'aikacin banki yana ta bina in karɓi irin katin. In karɓa, ko ni ma in samu tikitin Dubai?

Ɗana, yayanka bai yi maka ƙarya ba, amma rabin labarin ya ba ka, kuma ko shi ɗin in ka matsa masa zai tuna cewa ya biya harajin filin jirgi daga aljihunsa. Maki kuɗin kujera kawai yake ɗaukewa.

Bari mu fara da inda makin yake fitowa, don ruwa ba ya tsami banza. A Amurka, duk lokacin da mutum ya biya da katin bashi a kanti, mai kantin ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana zaftare masa kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma kaso mafi tsoka bankin da ya ba da katin ne ke ɗauka. Daga cikin wannan ne banki yake gutsuro wa mai kati ɗan abu, ya kira shi maki. Rijiya ta biyu kuwa ita ce mutanen da wata ya ƙare ba su iya biyan abin da suka ci ba, aka ɗora musu kuɗin ruwa da ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Guminsu yana cikin abin da ya ɗauko yayanka daga New York ya sauke shi a filin jirgin Ankara, babban birnin Gana.

Ka lura da wani abu. 'Yan uwanmu da ke Hambug ko Amsterdam ba su cika zuwa da irin wannan labari ba. Dalili shi ne tun 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade wancan kaso da banki ke yanka, ta ce kada ya wuce 0.3 cikin 100 a katin bashi. Da miyar ta tsinke, sai makin ma ya tsinke. Wannan ya nuna maka cewa abin na kasuwar Amurka ne musamman. Can ne banki zai ce wa sabon mai kati: kashe dala 4,000 cikin wata uku, mu ba ka maki 60,000. Irin wannan tukuici na shiga shi ne yake zama tikiti, ba ɗan tsintar yau da gobe ba. Kuma ba a ba mutum katin sai yana zaune a ƙasar, yana da lambar da hukuma ta san shi da ita, da tarihin cin bashi da biya.

To mu dawo gida. A nan Gana yawancinmu MoMo, wato asusun kuɗi na waya, muke riƙe da ita, sai katin cirar kuɗi wanda abin da ka ajiye kawai yake ba ka. Katin bashi sai a wasu manyan bankuna, galibi ga masu albashi. Ɗauki biro mu yi lissafi na misali. A ce katin yana mayar maka da kashi 1 cikin 100 a matsayin maki. Ka sari kaya na sidi 10,000, ka samu makin sidi 100. Sai kasuwa ta yi sanyi, wata ya cika ba ka biya ba. In ruwan kashi 3 ne a wata, sidi 300 sun hau kanka, kuma wata mai zuwa ruwan zai haihu a kan ruwa. Lattin wata ɗaya ya cinye makin wata uku. Kada ka ga kamar na kambama lissafin. A ƙasar nan ne hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disambar 2022, Babban Banki kuma ya kai ma'aunin ruwansa kashi 30 a 2023. Abubuwa sun lafa daga baya, amma bashin kati yana cikin basussukan banki mafi tsada. Kai kuma ɗan kasuwa ne, kuɗinka ba ranar 28 ga wata yake shigowa ba, sai ranar da Allah ya kawo mai saye.

Akwai kuma abin da ya fi lissafi nauyi a wurina. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a karɓi katin da aka gindaya sharaɗin kuɗin ruwa a cikinsa ba, ko da mutum ya ƙudurta zai riƙa biya kafin wa'adi. Wasu malaman da ke zaune a Turai da Amurka sun sassauta wa mazauna can saboda larura, don akwai wuraren da ko hayar mota ba ta yiwuwa sai da katin, da sharaɗin a biya duka kafin ruwa ya hau. Ni ba malami ba ne, ka kai takardar bankin wurin malaminka ya karanta. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah ko kwaɗayin ganin Dubai larura ne.

Na taɓa zama da wani matashi a ofis, kamar sa'anka, ya zo in duba masa ko makinsa ya isa tikiti. Makin ko Ankara bai isa kai shi ba, ga bashin wata biyar a wuyansa, banki na kiransa safe da yamma. Ya zauna yana share gumi, ni kuma ba ni da abin da zan yi masa sai ban haƙuri. Har yau in na tuna fuskarsa raina yana ɓaci. Shawarata, kada ka karɓa.

Ga hanyar da ba ta da ƙaya. Yawancin kamfanonin jirgi sun yarda mai maki ya yanki tikiti da sunan wani. In yayanka yana son ya yi maka alheri, ko ya ɗauko mahaifiyarku ta je ganin jikoki bayan ta samu biza, zai iya yi daga ɗakinsa a Bronx. Delta na tashi daga New York zuwa Ankara kai tsaye, United kuma daga Washinton, kuma makin waɗannan biyun ba ya mutuwa don an daɗe ba a taɓa shi ba. Sai dai ya guji Disamba. Tun bikin shekarar komowa gida da Gana ta yi a 2019, jiragen Disamba cike suke zuwa, makin da ake nema ya kan ninka. Ana buɗe kujeru kamar wata 11 kafin tafiya, wanda ya riga shi ke samun na araha.

Yaya, ina gaisuwa. Ni 'yar kasuwa ce daga Aboabo, shekara takwas ina zuwa Gwanju ta ƙasar Sin sarin takalma da jakunkuna, sau biyu a shekara. Ban taɓa riƙe katin bashi ba kuma ba na so. Shin ni ba ni da rabo a wannan maki da ake faɗa?

Hajiya, wasiƙarki ce ta fi taɓa ni, domin ke ce mai rabon gaske, kuma shekara takwas kina barinsa a kan kujerar jirgi kina sauka.

Maki iri biyu ne, mutane na cakuɗa su. Akwai na banki, wanda na gama bayani. Akwai kuma na kamfanin jirgi, wanda ake ba fasinja saboda ya hau, kuma shi ne na asali, tun 1981 American Airlines ta yayata shi. Wannan ba ya buƙatar bashi, ba ya buƙatar kati, rajistarsa kyauta ce, a waya ma cikin minti goma an gama. Na Ethiopian sunansa ShebaMiles, na Emirates Skywards, na Turkish Miles&Smiles, Qatar kuma tana ba da Avios. Za a ba ki lamba, ita ce dukiyar.

Daga Ankara zuwa Adis Ababa, daga nan zuwa Gwanju, zuwa da dawowa ya kai mil 15,000. Tafiya 16 kika yi. Ko da tikitin araha kike saye, wanda rabi ko rubu'in nisan kawai ake rubuta wa mutum, da yanzu kin je Umra da shi, wataƙila har da rakiya. Na faɗi haka ne don ki ga girman abin, ba don in tayar miki da hankali ba. Laifin ma ba naki ba ne ke kaɗai. Mu masu yankan tikiti da yawa ba ma tambayar fasinja lambarsa, don babu abin da za mu ƙaru da shi. Ni kaina sai da na yi shekaru a aikin kafin in mai da shi ɗabi'a, kuma ina neman yafiyar waɗanda na bari suka yi asara.

Yanzu ga yadda za ki yi. Ki tsaya a kan gida ɗaya. Kamfanonin jirgi ƙawance suke yi: Ethiopian da EgyptAir da Turkish da United duk suna cikin Star Alliance, don haka lambar ɗaya daga cikinsu tana karɓar maki in kin hau sauran. KLM da Air France da Kenya Airways da Saudia suna SkyTeam. Qatar da British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Emirates ba ta cikin ko ɗaya. Wanda ya hau wannan yau, gobe wancan, saboda bambancin dala 20, zai tashi da ɗan maki a gida huɗu, babu wanda ya isa komai. Sunan da ke kan rajistar ya zama daidai da na fasfo harafi da harafi. Mu mutanen Zango wannan yana yawan kama mu, a nan an rubuta suna da "u", a can da "ou", sai kwamfuta ta ƙi. Ki ba wakilinki lambar tun wajen yankan tikiti, ki sake dubawa a kan takardar shiga jirgi, kuma kada ki yar da takardar sai kin ga makin ya shiga. In tafiyarki ta ƙarshe ba ta wuce 'yan watanni ba, ki gwada nema, kamfanoni da yawa suna karɓar na baya.

Maki yana mutuwa. Na Emirates da na Turkish kimanin shekara uku suke yi. Ni da bakina nake gaya wa mutane haka, amma shekarar da mahaifina ya yi doguwar jinya hankalina bai kai can ba, makin da na tara don in kai mahaifiyata Madina ya ƙone a wani kamfani. Na rubuta musu, suka ce ƙa'ida ce. Sai bayan shekara huɗu Allah ya nufa na kai ta, ta Alƙahira, kujerarta da maki, haraji da biza da masauki da kuɗi. Tun daga nan nake rubuta ranar mutuwar maki a bangon littafin ciniki. Kuma kada ki yi ta ajiya kamar gwal, don kamfani na iya wayar gari ya ƙara yawan makin da yake nema. In ya isa abin da kike so, ki kashe.

A ganina ma, ga mai sana'a irin taki, tikitin ba shi ne babbar garaɓasa ba. Mai yawan hawa yana samun ƙarin matsayi, kuma wanda ya kai matakin zinariya a Star Alliance ana ƙara masa jaka guda ko kilo 20 a kan na kowa, ga ɗakin hutawa da abinci a lokacin jiran jirgi a Adis. Ke kin fi ni sanin abin da ake caza a kan jaka ɗaya in awo ya wuce a Gwanju.

Abu biyu na kiyayewa. In kin biya da katin cirar kuɗinki a waje, na'ura ta tambaye ki ko a cire da dala ko da kuɗin ƙasar, zaɓi kuɗin ƙasar, canjin na'urar ya fi tsada. Sannan masu tallan "tikitin maki rabin farashi" a WhatsApp, ki yi nesa da su. Sayar da maki ya saɓa wa ƙa'idar kamfanoni, wani lokaci ma na sata ne, kuma na ga wadda aka soke wa tikiti tana tsaye a layin awo da kayanta.

Malam, ni dattijo ne daga Sabon Zango. Ɗana ya ce yana da maki da yawa. Zai iya biya mini kujerar Hajji da shi?

Baba Alhaji, Allah ya sa da rabo, ya yi wa yaron albarka. Ga Hajji ba zai yiwu ba. Alhazan Gana ta hannun hukumar alhazai suke tafiya, a jiragen da aka yi shata daga Tamale da Ankara, kuma kuɗin kujera dunƙule yake, jirgi da masauki da hidimar Mina da Arfa duk a ciki. Babu ƙofar da maki zai shiga.

Umra kuwa tana yiwuwa, ta Adis Ababa ko Alƙahira ko Santambul zuwa Jidda ko Madina. Ya nema da wuri, kuma ya kauce wa goman ƙarshe na azumi, don a lokacin kujerar maki wuyar samu gare ta. Ya fara tabbatar da bizar kafin ya taɓa makin. Ya kuma haɗa da kuɗin jirgin Kumasi zuwa Ankara a lissafinsa. Tafiyar minti 40 ce daga filin Prempeh na Ɗaya, ta fi wa mai shekaru sauƙi a kan awa biyar ko shida a mota ta Nkawkaw.