Gasasshiyar agwagwar Beijing: a ina za a busar da fatar?

Tambaya: Malam kuku, sau biyu ina gasa agwagwa irin ta mutanen China, fatar tana fitowa da tauri kamar roba. Wata maƙwabciya ta ce in rataye ta a tsakar gida ta kwana tana shan iska, wai haka suke yi a can. Sunan jikata saura mako guda, kuma ina tsoron in ba baƙi abin da zai ɓata musu ciki.

Amsa: Hajiya, tsoronki yana kan hanya. Kada ki rataye ta a waje.

Fatar ba ta yin garas-garas sai ta rabu da naman kuma ta bushe sarai kafin ta ga wuta. A gidajen abinci na Beijing, irin su Quanjude da aka buɗe a 1864, iska ake hurawa tsakanin fata da nama. Ke ki zura yatsu ta wuya a hankali ki ɗaga fatar ƙirji da ta cinya, kada ta yage. Ki kwarara mata tafasasshen ruwa har fatar ta ɗame, ki tsane ta, ki shafa zuma cokali biyu da aka sirka da ruwan ɗumi da ɗan khal. Su maltos suke sa wa, wato wani sukari mai danƙo da ake yi daga hatsi, amma zuma ta wadatar. Agwagwarmu ta gida ba ta kai farar ta Beijing kitse ba, don haka ki zaɓi matashiya mai ƙiba.

Yanzu batun ratayewa, wanda kullum sai na ji shi. Masu bidiyon girki suna nuna agwagwa rataye a gaban fanka, ba sa faɗa wa kowa cewa ɗakin mai sanyi ne, kuma hunturun Beijing har ruwa yake daskararwa. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa a jikin nama, wasunsu suna ninkuwa duk minti 20. Ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, idan zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1 ne kacal. To ina ga dare guda a tsakar gida, ga ƙuda, ga ƙura?

Sai a ce mini ai wuta tana kashe komai. Ba ta kashe komai! Tana kashe ƙwayar cutar Salmonella, gaskiya ne. Amma ƙwayar Staphylococcus, wadda take fitowa daga hannu da hancin mai girki, tana zuba guba a nama, kuma gubar nan gashi ba ya lalata ta. Agwagwa ta fito jawur tana ƙamshi, ba wari ba yauƙi, bayan 'yan awoyi mutane su kama amai da gudawa. Yara da tsofaffi su suka fi galabaita. Wasu kuma su ce ai kilishi ma a rana ake shanya shi. Kilishi an yanyana shi siriri, iska tana ratsa shi. Agwagwa sukutum ce, cikinta a jiƙe yake ko da fatar ta bushe. Abin yana ɓata mini rai, domin wanda ya ba da shawarar ba shi zai kwana a asibiti da yaran ba.

Ki ɗora ta a kan raga, faranti a ƙasa, ki sa a can ƙasan firji ba murfi, awa 24 zuwa 48. Fatar za ta yi duhu, in kin taɓa ki ji ta kamar takarda. Idan wutarku ba ta tsayawa kuma ba janareto ko sola, ki haƙura da busarwar: ki yanka, ki tsane, ki gasa a ranar, ko da fatar ba ta kai yadda kike so ba.

Gashin kuwa digiri 180 ne na kimanin awa 1, da tiren ruwa a ƙasa don kitsen da zai ɗiga, sannan 220 na minti 10. Ki soka ma'aunin zafi a cinya, sai ya nuna 74. Ki bar ta ta huta minti 15, ki yanka siriri, a ci da lawashi da kokwamba cikin siraran waina na fulawa.