Mu Hausawan Legas da maganar yaƙar Nijar

Ɗan'uwa, ka tambaye ni ko mu Hausawan Legas mun goyi bayan a kai wa Nijar yaƙi a 2023, tunda a faɗarka Tinubu na garinmu ne, mu kuma mun daɗe da rikiɗewa Yarabawa. Maganar ta sosa mini rai, amma ga amsa.

Sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata, ta ce mako guda ta bayar, ko a mayar da shi ko a sa ƙarfi. Ku a Katsina kuna fargabar wuta ta tashi a Jibiya, kuma da gaskiyarku. To amma ka san yawan 'yan Nijar da ke Zangon Agege? Mai shayin bakin layinmu mutumin Tawa ne. Masu gadi a Ikeja, 'yan ga-ruwa, mahautan Oko-Oba, dillalan albasa a Mile 12, da yawansu daga Maraɗi da Damagaram suka fito. Sahu ɗaya muke salla, maƙabarta ɗaya muke kai gawa. A makon wa'adin nan hirar bayan isha'i ta mutu, kowa ya kafa kunne a rediyo ko yana ta neman gida a waya. Mai shayin nan na gan shi ya bar tukunya tana tafasa, ya koma gefe yana tambayar matarsa ko geron da ya rage zai kai su kaka.

Kakata ta wajen uba 'yar Birnin Ƙonni ce. Tana amarya aka kawo ta Agege a jirgin ƙasa, zamanin da goro ke riƙe da garin, kuma har ta rasu ba ta fasa aika wa ƙannenta turmin atamfa duk Sallah ba. Jikokinsu ne aka yanke wa wutar lantarki, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Su ne aka rufe wa ƙofar Illela har watan Maris na 2024. Ta yaya zan so a jefa musu bam?

Na san inda ka dosa: mahaifiyata Bayarabiya ce daga Abeokuta. Haka ne, ina alfahari da ita. Ita ta fi kowa a gidanmu tashin hankali, don a wurinta mutanen Ƙonni surukai ne, kuma Bayarabe ba ya wasa da surukuta. Cikin dangin nata akwai masu cewa kada a ƙyale soja ya ci bulus. Su zaɓen 12 ga Yunin 1993 da soja suka soke da abin da ya sami Abiola suke tunawa, kuma na fahimce su. Sai dai ko su, da an zo maganar tura yara fagen fama sai su ja baya. An cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin mota ya haura, wa ke da ƙarfin ɗaukar yaƙi?

Ka ce ba ka ga mun fito zanga-zanga kamar Kano ba. Ba mu fito ba. Wanda ya ga rikicin ƙabilanci na Idi-Araba a 2002 da na Mile 12 a 2016 ya san mai neman fitina ba ya tambayar katin ɗan ƙasa kafin ya cinna wa rumfa wuta, ɗan Kano da ɗan Maraɗi duk ɗaya ne a idonsa. Tamu hanyar ita ce dattawa da Sarkin Hausawa da masallaci. An yi alƙunutu, an ja wa matasa kunne. Ranar da majalisar dattawa ta ƙi zancen yaƙi, da ranar da Sarki Sanusi ya gana da Tchiani, jagoran juyin mulkin, a Yamai, murnar da aka yi a nan ba ta gaza taku ba.

Abin da ya fi damuna shi ne duk tsawon lokacin babu wanda ya kira daga gida ya ce yaya kuke ciki. Sai yanzu da ƙura ta lafa ake tuhumarmu. Yarana suna jin Yarabanci, suna zuwa Islamiyya, kuma da Hausa suke gaishe ni da safe. In Allah ya kawo ka Legas ka sauka a gidana, kada ka kama otal.