Amsar tambayarka kan askin karnuka

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne saboda maganar ba ta gaggawa ba ce. Ka ce a can Ingila kana son koyon wanka da askin karnuka, makarantar da ka samu ta ce fam 4,000, kuma kana tambaya ko a al'adarmu abin kunya ne, ko ma haramun ne, har kana tsoron mahaifiyarka ta ji. Toh na ji daɗi da ka tambaya kafin ka zuba kuɗi.

Gaskiya Bahaushe ba ya girmama kare, wannan ba sai an faɗa maka ba, zagi ne ma a bakinmu. Amma fa ba mu taɓa rabuwa da shi ba. Muna yara akwai wani mafarauci a bayan gidanmu mai karnuka huɗu, duk an datse musu kunne, babban cikinsu baƙi ne wuluk sunansa Duna. Da yamma zai zauna a kan turmi ya danne kan karen tsakanin gwiwoyinsa yana cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin garwashi kana jin suna fashewa, in ya gama ya kai su kududdufi ya cuɗe su da sabulun salo. Wallahi ban taɓa jin wanda ya ce ya yi abin kunya ba, sallah yake a sahun gaba, kuma in ya dawo da zomo ko gada kowa na miƙa kwano. Abin da za ka yi kusan shi ne wannan, sai dai kai da inji da shamfu, kuma biyanka za a yi.

Batun addini kuwa, mu nan Malikiyya muke bi, kuma abin da muka karanta a zaure shi ne duk mai rai mai tsarki ne, har kare, har yawunsa. Wanke kwano sau 7 in ya sa baki bin umarnin Annabi ne (SAW). Sauran mazhabobi sun tsananta, Shafi'iyya najasa suke ɗaukarsa, Hanafiyya ma da suka fi yawa a masallatan can suna ganin yawunsa najasa ne, don haka kar ka yi mamaki in wani ya ɗaure maka fuska. Ka ware kayan aiki daban na sallah daban, ka wanke jikinka, ka huta da gardama. Inda maganar take da nauyi shi ne hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko gona ba ladansa na raguwa kullum. Kai ba ajiyewa za ka yi ba, amma yawancin waɗanda za su kawo maka na ado ne, kuma akwai malaman da ba za su so haka ba. Ni a nawa ganin, dabbar da gashinta ya cukurkuɗe har fata ta yi gyambo, farce ya lanƙwashe tana ɗingishi, wanda ya sauƙaƙa mata bai yi laifi ba, ai an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare ruwa. Likitocin dabbobi nawa ABU Zariya ta yaye, kullum hannunsu a kan karnuka, dokta ake ce musu. Duk da haka ka samu malamin da ka yarda da shi ka zauna da shi, kar ka tsaya a maganata kaɗai.

Yanzu kuɗin, nan ne hankalina bai kwanta ba. A Ingila ba dokar da ta ce sai da lasisi za ka yi wannan sana'a, satifiket ɗin don mutane su yarda da kai ne. Wanda aka fi sani shi ne na hukumar ba da shaidar sana'a da ake kira City & Guilds, mataki na 2 na mataimaki, mataki na 3 na wanda zai tsaya da ƙafarsa, don haka ka tambaye su fam 4,000 ɗin nan wanne za su ba ka, ko kuwa takardar makarantar ce kawai da ba wanda ya san ta. Ka tambaya kwana nawa za ka riƙe kare da hannunka, don wannan aiki ba a koyonsa ta bidiyo. Kuma da kayan aiki ne ko babu, saboda injin aski da bakunansa, almakashi kala-kala, mataji, tebur mai hawa da sauka, injin busar da gashi, inshora, duk kuɗi ne daban, kana iya gamawa ka tarar ka kashe wasu dubban a kai.

Al'adarmu ta koyon sana'a ta fi wannan hikima. Yaron wanzami ba ya biyan ko sisi ranar farko, zabira yake ɗauka, ya wasa aska, ya jiƙa kai, sai an daɗe a ba shi kan yaro ƙarami ya gwada, kuma kafin nan shi kansa ya gane ko zai iya ganin jini. Kai ma haka za ka yi. Nemi shago ka shiga a matsayin mai wanka da shara ko na wata uku ne, ka ji warin jiƙaƙƙen kare, bayanka ya yi ciwo, wani ya kai maka cizo, gashi ya shige maka hanci, in bayan nan har yanzu kana so sai mu yi maganar makaranta. Akwai ma tsarin da ake koya maka a bakin aiki ana biyanka albashi, ka bincika ko ka cancanta. Kuma ka duba bizarka da kyau, in ta ɗalibi ce aikinka ba zai wuce awa 20 a sati ba lokacin karatu kuma ba a yarda ka buɗe naka ba, kar ka ja wa kanka. Bashi mai ruwa kuma kar ka kusance shi saboda wannan, ban yarda ba.

In niyyarka wata rana ka dawo da sana'ar gida, kasuwarta Abuja ce da Legas, watakila Jos, a Kano sai dai ka haɗa da kyanwa da dawakai. Kuma nan akwai ciwon haukan kare, dole ka yi rigakafi kuma ka riƙa neman katin allurar kowane kare kafin ka taɓa shi.

Surutu kam za a yi, har in ka je neman aure wani zai ɗaga maganar. Shi ya sa nake so mahaifiyarka ta ji daga bakinka, kar ta tsinta a gidan biki. Ka kira ta ranar Juma'a bayan la'asar, zan je gidan in zauna kusa da ita. Kafin nan turo min hoton takardar makarantar in ba ƙaninka ya karanta min ƙananan rubutun da ke ƙasa, musamman ko suna mayar da kuɗi in mutum ya fasa. Allah ya yi maka albarka.