Haƙa, tono da gina: amsoshin wannan mako

Tambaya: Malam, ƙamus ɗina ya ce ma'anar kalmar Turanci "dig" ita ce haƙa. Amma malaminmu ya soke mini "manomi ya haƙa dankali", ya rubuta "tona". Wa ya yi daidai? (Wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos)

Amsa: Ɗana, malaminka ya yi daidai, ƙamus ma bai yi ƙarya ba, gajarta magana ya yi. Bature da kalma ɗaya yake sarar ƙasa, sai dai ya ɗan liƙa mata wata a gaba in yana son bambantawa. Bahaushe kuwa niyyarka yake dubawa. In ramin kake so, haƙa kake yi: a haƙa rijiya, a haƙa kabari, a haƙa masai. In kuwa abin da ke binne kake so ya fito fili, tono ne. Manomin Bokkos ko Mangu ba rami yake nema ba, dankali yake nema, don haka tonawa yake yi, haka ma mai gyaɗa da mai rogo. Shi ya sa ake tona asiri, ba a haƙa shi.

Na san ɗan Jos zai ce to ai "haƙar kuza" muke cewa, alhali kuzar ake nema ba ramin ba. Gaskiya ne. Haƙa tana ɗauke da zurfi da wahala. Abin da sai an yi gumi, an ratsa ƙasa gaba da gaba kafin a same shi, haƙo shi ake yi, kamar kuza da zinariya da man fetur. Tarihin wannan yanki ma ya raba mana gardamar. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok suka ci karo da wani sassaƙen yumɓu da aka gasa. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum na yumɓu daga yankin masarautar Jama'a, kuma irin waɗannan kaya na cikin abin da ya sa aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. Ka lura da bakin mutane: kuza suke haƙa, amma kayan Nok tono su aka yi, domin ɓoyayyen abu ne ya bayyana.

Tambaya: Me ya sa tsofaffi ke cewa "in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere"? Ana gina rami ne? Ba haƙa ya kamata a ce ba? (Wata malamar firamare, Bukuru)

Amsa: Malama, kada ki gyara wa tsofaffi Hausa. Gina ta daɗe tana nufin haƙa. Har gobe akwai inda za ki ji ana ginar rijiya, yara kuma na ginar gafiya. A ganina ba abin mamaki ba ne kalma ɗaya ta riƙe ayyukan biyu, domin a gidan ƙasa duk bangon da ya tashi, wani rami ne ya bayar da ƙasarsa. Kududdufan da ke cikin tsofaffin birane kamar Kano da Zariya yawancinsu daga nan suka samo asali. Zuwan bulo da siminti ne ya sa yaran yanzu suka ɗauka gini sama kawai yake yi.

Cikon karin maganar kuma, wanda ake yawan haɗiyewa, shi ne "wataƙila kai za ka faɗa". Wanda ya ce "haƙa ramin mugunta" ba zan kai shi ƙara ba, an fahimce shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu rubutu a waya da ba su san da zaman ƙugiya ba. Sai ka ga an rubuta "haka ta cim ma ruwa". Wace haka? Ta "haka ne" ko ta "haka nan"? Haƙa ce, da ƙ mai lanƙwasa, haƙar mai rijiya da ya yi ta fama da ƙasa har ya ga danshi, wato buƙata ta biya. Da a ce babu harafin a waya da na yi shiru, amma akwai shi, ƙyuya ce kurum. Har a allon talla na ga "masu haka rijiyar burtsatse", ga lambar waya ɓaro-ɓaro, ga kuɗin fenti an kashe, ƙugiya ɗaya ta gagara.

Tambaya: Diga Hausa ce? (Mai sayar da kayan gini, Dilimi)

Amsa: Ta zama Hausa, amma ’yar aro ce daga Turanci, daga kalmarsu ta mai haƙa ko abin haƙa. Tare da shebur suka shigo, zamanin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta isa Kano a 1911, har aikin hanyar jirgin kansa aka riƙa ce masa diga. A nan Filato ramukan kuza ne suka zaunar da ita, ita da kwanon sarki da leburori ke ɗaukar ƙasa da shi a ka. Leburorin nan ba duka ne suka zo don kansu ba: daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace Malaya (cikin Malesiya ta yanzu) inda Ingila ke samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa a kan tilas. Kafin diga, dagi muke da shi, kuma bai mutu ba. Tambayi mai kafa shinge.

Tambaya: A wani fim na ji uwar gida ta ajiye abinci ta ce wa baƙi "dig in". Me za su haƙa? (Wata ɗaliba, Gangare)

Amsa: Ba komai, ’yata. Bismilla ta yi musu.

Tambaya: Ɗan jarida zai iya cewa zai "haƙa cikin lamarin"? (Mai sauraron rediyo, Barikin Ladi)

Amsa: Zai iya, in yana son a gane da Turanci ya yi tunani. Bahaushe bin diddigi yake yi, ko ya binciko, ko ya tono gaskiya. In abin ya wuce gona da iri ya zama tonon silili, a nan ne ake tuna masa cewa garin tone-tone kaza ke tono wuƙar yanka ta.

Tambaya: Cire taɓo daga tsohuwar rijiya haƙa ne ko tono? (Wani magidanci, Naraguta)

Amsa: Ko ɗaya. Yasa ce, yashe rijiya ake yi.