Ciyawar daji kaɗai za ta ishi shanun haihuwa?

Tambaya: Ina da shanu Bunaji goma sha biyu a yankin Kachia. Kullum suna kiwo cikin gamba da kyasuwa, amma sai saniya ta shekara biyu ba ta sake haihuwa ba. Ciyawarmu ce ba ta da amfani?

Amsa: Malam, ciyawarmu tana da amfani, sai dai amfaninta na da lokaci. Gambar da ta tsiro bayan saukar ruwa a Mayu da Yuni lallausa ce, furotin ɗinta, wato sinadarin gina jiki, kan kai wajen kashi 10 cikin 100. Da ta fitar da kai a kaka, ƙarfinta ya koma kara da iri. Kafin Fabrairu furotin ya faɗo kashi 2 zuwa 3, alhali ƙwayoyin halittar da ke narka abinci a tumbin saniya suna neman aƙalla kashi 7. Shi ya sa za ka ga cikinta fam da ciyawa amma haƙarƙari a waje.

Mai shayarwa ta fi shan wuya. Abin da ta ci nono ne ke kwashewa, jikinta kuma ba zai nemi bijimi ba sai ta murmure. Ciki wata tara ne. Sauran watannin da kake ƙirgawa, yawanci yunwar rani ce ta cinye su. Ga ƙarancin fosfaros, wato sinadarin gina ƙashi, wanda ke sa shanu tauna ƙashi. Kanwa ba ta maganin wannan, gishirin lasa mai fosfaros za ka nema.

Kyasuwa da harkiya sun fi daɗin ci, amma da ruwa ya ɗauke sun gama. Gamba ta fi su jimiri, saiwarta na da zurfi. Tofa kuwa, in ta girma, cika ciki ce kawai.

Shawarata, ka yanki kyasuwa da gamba a ƙarshen Satumba kafin su yi kai, ka shanya, ka adana ingirici a rumfa. Harawar gyada da ta wake, dusa da angurya, kada ka raba wa garke duka. Ka ware wa masu shayarwa da masu tsohon ciki, su ci da yamma bayan kiwo. In kana da fili, shinge ɗan wuri ka shuka sitailo, wani tsiro dangin wake da ake shukawa don dabbobi, kamar yadda aka gwada a yankinku tun shekarun 1980. Don neman iri, ka tuntuɓi NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya. Wadda ta yi ƙiba amma ta ƙi ɗaukar ciki, ko ta yi ɓari, likitan dabbobi za ka kira mata.