Magini ya ƙi yin canjin da muka amince a kai, me zan yi?

Ka ce kun amince a ƙara taga, amma magini ya ci gaba da jera bulo. A rubuce yake? In da baki ne, yau ka rubuta girman tagar, wurinta, ƙarin kuɗi da ƙarin kwanaki, ku sa hannu, a gyara zanen. Sau da yawa ba taurin kai ba ne, birkila ne ke bin tsohon zane. Ɗauki hoto kafin a zuba linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, don bayan nan sai an fasa bango. Ba maginin wa'adi a rubuce, misali kwana 14. Kuɗin wannan aikin kaɗai za ka riƙe, shi ma in kwangila ta yarda, kada laifin saɓa yarjejeniya ya dawo kanka.